Ashe Ni Ce Mai Neman Laifin da Yahuza Ya Faɗa?

Baba, barka da aiki. Ni ce magatakardar zumuntar mata a ikilisiyarmu. Kowace mace tana ba da naira 500 duk wata, kuma rabin kuɗin mun ware shi don gwauraye da marasa lafiya. Da na zo haɗa rahoton ƙarshen shekara, sai na ga abin da ke littafina ya fi abin da Mama ma'aji ta ce yana hannunta da wajen naira dubu 70. Na gaya wa ƙawayena biyu, suka ce kada in yi shiru. Sai na rubuta a zauren WhatsApp na zumunta cewa lissafi bai daidaita ba, muna son bayani. A taro na gaba Mama Fasto ta buɗe wasiƙar Yahuza aya ta 16, ta karanta zancen masu gunaguni da masu neman laifi. Ta ce Fasto ya gaya mata cewa a Helenanci kalmar tana nufin waɗanda ba su da aiki sai tonon laifin shugabanni, kuma ƙarshensu irin na Kora ne, wanda ya tayar wa Musa. Ba ta ambaci sunana ba, amma duk ido ya dawo kaina. Yanzu wasu ba sa amsa gaisuwata, wasu suna cewa kujerar ma'aji nake hari. Maigidana ya ce in ajiye musu littafinsu in huta. Na daina cin jibin Ubangiji don tsoro. Baba, da gaske ni ayar take nufi?

'Yarka cikin Ubangiji

'Yata, ba ke ayar take nufi ba. Na sa wannan a gaba ne don ki samu barci yau. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe, domin akwai inda kika yi kuskure, kuma ba ƙaramin kuskure ba ne.

Tun da Helenanci aka ɗauko aka razana ki da shi, mu je can ɗin mu gani da idonmu. Kalmar da Yahuza ya rubuta ita ce mempsimoiros, kuma a duk Sabon Alkawari a wannan aya kaɗai ta fito. Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko daga memfomai take, wato ganin laifi ko ɗora wa wani laifi. Ta biyu moira, wato rabo, kason da ya faɗo wa mutum in an raba abu, har da rabon da rayuwa ta ba shi. Mempsimoiros ke nan shi ne mutumin da kullum yake ganin laifin rabonsa. Babu shugaba a cikin kalmar, babu ma'aji, babu littafin lissafi. Mai yiwuwa Fasto daidai ya faɗa, saƙon ne ya sauya kama a hanya kafin ya iso taronku.

Helenawa sun san irin wannan mutumin tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. Akwai wani malaminsu, Tiyofarastus, almajirin Aristotal wanda ya gaje shi a shugabancin makarantarsa a Atina. Ya rubuta ɗan littafi yana zana halayen mutane iri 30, irin su marowaci da matsoraci da mai fadanci da sarkin surutu. Na 17 a cikinsu shi ne mutumin namu, kuma duk wanda ya karanta sai ya yi dariya. Abokinsa ya yi walima ya aiko masa da kasonsa har gida, sai ya ce wa ɗan aiken, ai don yana ƙyashin in sha romo ne bai gayyace ni ba. Ruwan sama ya sauko, sai ya yi fushi da allahnsu wai ruwan ya makara. Ya tsinci jakar kuɗi a hanya, ya ce to amma ni ban taɓa tsintar taska ba. Aka zo masa da albishir an haifa masa ɗa namiji, ya ce wa mai albishir, ƙara da cewa rabin dukiyata ta tafi, sai maganarka ta cika. Abokai suka yi masa karo-karo don ya fita daga matsi, suka ce to yanzu sai ka saki fuska, ya ce in saki fuskar me, bayan sai na biya kowa kuɗinsa sannan in yi ta godiya.

Ki lura da abu guda. A duk misalan nan ba wanda ya cuce shi. Alheri ake yi masa, shi kuma yana juya alherin yana neman inda ya huje. Kowace unguwa tana da irinsa, kowace zumunta ma, a ba ta atamfa ta ce launin bai yi ba. Ke kuwa ba kasonki kika raina ba. Kason gwauraye kika ga kamar ya ragu, kuma aikin da aka zaɓe ki ki yi ke nan, ki gani.

In aka karanta wasiƙar gaba ɗayanta, aya 25 ce kawai, za a ga ko su wane ne Yahuza yake faɗa da su. A aya ta 4 ya ce mutane ne da suka saɗaɗo cikin ikilisiya, suka mai da alherin Allah hujjar fasikanci. A aya ta 12 ya ce suna zama a bukin ƙauna na masu bi suna ci ba kunya, kansu kawai suke kiwo. A ita kanta aya ta 16, bayan gunaguni, ya ce son zuciyarsu suke bi, bakinsu cike da fariya, suna yi wa mutane fadanci don abin da za su samu. Matar da ta jawo wa kanta baƙin jini saboda kuɗin gwauraye, kome za a ce da ita, ba za a ce mai fadanci don riba ba. Don a yi wa Mama Fasto adalci, Yahuza ya ambaci raina masu iko a aya ta 8, ya kuma ambaci Kora a aya ta 11, don haka ba daga iska ta ɗauko zancen ba. Sai dai Kora bai je wurin Musa da littafin lissafi ba. Ya tara shugabanni 250 ya tayar wa Musa da Haruna, Musa kuwa ya faɗa masa a fili cewa aikin Lawiyawa da aka ba shi ne bai ishe shi ba, matsayin firist yake nema. Shi ma rabonsa ya raina.

Ita memfomai ɗin kanta, ganin laifi zalla, ta fi ba ni sha'awa, domin mutane da yawa sun ɗauka Littafi Mai Tsarki ya haramta ta. A Ibraniyawa 8:8 Allah ne da kansa yake yin ta. Marubucin ya ce da alkawarin farko ba shi da abin zargi, da ba a nemi na biyu ba, amma Allah ya ga laifin mutanen, sai ya ce kwanaki suna zuwa da zai yi sabon alkawari, maganar da aka ɗauko daga Irmiya 31. A Romawa 9:19 ma Allah ne mai ganin laifin, inda Bulus ya kawo tambayar mai gardama cewa to don me har yanzu yake ganin laifinmu. Wuri na uku shi ne Markus 7:2, a waɗansu kofe na Helenanci, domin mafi tsufa ba su da kalmar a nan. Can Farisiyawa ne suka ga laifin almajiran Yesu don sun ci abinci ba su wanke hannu bisa al'ada ba. Yesu bai ce musu ganin laifi haramun ne ba. Shi ma laifinsu ya nuna musu, kuma laifin kuɗi ne: mutum ya ce dukiyar da ya kamata ya taimaki iyayensa da ita ya keɓe wa Allah, sai su sake shi, tsofaffi su zauna da yunwa. Kalma ɗaya ke nan, Allah ya yi ta, Farisiyawa sun yi ta. Wanda Allah ya yi gyara ne ya biyo bayansa. Na Farisiyawa kuwa laifi ne da ba wanda ya cutu da shi, an nemo shi ne don a kunyata wani.

Akwai labarin da na so a ce shi aka karanta a taronku. Kalmar da ke gaban mempsimoiros a ayar Yahuza ita ce gongustai, masu gunaguni, har sautinta ma ya yi kama da namu. 'Yar'uwarta gongusmos ta fito a Ayyukan Manzanni 6:1. A ikilisiyar farko ta Urushalima, Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni a kan masu jin Ibrananci, domin ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Gwauraye fa, kamar naku. Shugabannin da ake gunaguni a ƙarƙashinsu kuwa manzanni goma sha biyu ne, waɗanda suka ci abinci da Yesu. Ba su tashi sun yi wa'azi a kan Kora ba. Suka tara jama'a duka, suka ce ku zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida mu danƙa musu wannan aiki. Aka zaɓi su Istifanas da Filibus da sauran biyar, dukansu da sunayen Helenanci, abin da ya sa malamai da yawa suke ganin daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su. Gunaguni ba abin yabo ba ne, Bulus ya hana shi a Filibiyawa 2:14. Amma manzannin sun gane cewa a ƙarƙashin wannan gunagunin akwai tsofaffi mata da ba su ci abinci ba, sai suka bar sautin suka bi yunwar.

Bulus kuma, da ya tara gudummawar ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya don matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 1 Korantiyawa 16 ya ce su zaɓi mutanen da suka amince da su su kai. A 2 Korantiyawa 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, da wani na uku da aka sha gwadawa. Ya faɗi dalili a aya ta 20 da ta 21: kada kowa ya sami abin aibata mu game da wannan kuɗi mai yawa, muna so mu yi abin da ke daidai ba a gaban Ubangiji kaɗai ba, har a gaban mutane. Kalmar da ya yi amfani da ita a nan momaomai ce, tushenta daban amma ma'anarta kusa. Manzo guda bai ce ku yarda da ni don ni manzo ne ba. To in Bulus bai ga raini a cikin a sa masa masu rakiya ba, ban ga yadda tambayar lissafi za ta zama raini ga ma'ajin zumunta ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu ke.

Kin ga giɓi a lissafi, sai kika je wurin ƙawaye biyu, daga nan sai zauren WhatsApp. A wasiƙarki ban ga inda kika ce kin taka zuwa gidan Mama ma'aji da littafin a hannu ba. Yesu ya shimfiɗa hanyar a Matiyu 18:15-17: in ɗan'uwanka ya yi laifi, je ka nuna masa ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Sai in duk wannan ya ƙi ne za a kai gaban ikilisiya. Ke daga matakin ƙarshe kika fara. Kuma saƙon waya ya fi taro muni, domin a taro ana ganin fuskarki ana jin muryarki, a waya kuwa kowa da muryar da zai karanta da ita. Kin rubuta lissafi bai daidaita ba, mata da yawa sun karanta Mama ta ci kuɗi. Mace ce da ta girme ki, tana da miji da 'ya'ya da surukai, wataƙila surukar tata ma tana cikin zauren. Kafin ta buɗe baki an riga an yanke mata hukunci. Laifi tudu ne, 'yata, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma har yanzu ba ki tabbatar an ci kuɗin ba. Abin da ke hannunki shi ne lambobi biyu da ba su haɗu ba. A irin zumuntarmu kuɗi yana da ƙofofin fita da yawa da ba sata ba. Wata ta zo da dare ɗanta ba lafiya, Mama ta ba ta rance ba ta rubuta ba. An yi rasuwa, Uwar zumunta ta ce a sayi shinkafa a kai, ba wanda ya karɓi rasit. Kuɗin mota zuwa taron gunduma, cajin masu POS. Ta ɓangarenki ma, wata ta ce rubuta ni zan kawo ranar Lahadi, kika rubuta, ba ta kawo ba. Duk wannan sakaci ne da ya kamata a gyara, amma sakaci daban, cin amana daban.

Ga abin da zan so ki yi. A cikin makon nan ki sami wata dattijuwa da ku biyu kuke ganin girmanta, ba cikin ƙawayen nan biyu ba, ta raka ki gidan Mama ma'aji. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba. Ki ce, Mama, na yi kuskure da na kai magana waya ban zo wurinki ba, ki yafe mini. Iyakar abin da za ki nemi gafara a kai ke nan. Kada ki ce lissafin daidai ne, kada ki ce Shaiɗan ne ya ruɗe ki, domin in kika janye tambayar don a daina fushi da ke, kin sayar da gwauraye kin sayi gaisuwa. Bayan ta sauko sai ki ce, ga littafina, ki kawo naki mu bi wata-wata, wataƙila kuskuren nawa ne. Ki faɗi haka da zuciya ɗaya, don yana iya zama gaskiya. Sannan ki koma zauren da kika yi maganar, ki rubuta layi biyu cewa kin yi gaggawa, ba ki zargi kowa da sata ba, kuma kuna duba lissafin tare. A inda aka ɓata suna a nan ake wanke shi.

Zancen kujera kuma maganinsa yana hannunki. Ki gaya wa Uwar zumunta a gaban shaidu cewa ko an zaɓe ki ma'aji a zaɓe mai zuwa ba za ki karɓa ba. In kin ji wannan ya yi miki nauyi a zuciya, to ki zauna ki tambayi kanki dalili, domin ta nan ne kaɗai ayar Yahuza za ta iya samun ƙofar shiga gidanki. Ki kuma tuna ko a shekarun da Mama ta yi tana riƙe kuɗin nan kyauta, tana jin tsoron ɓarayi a gidanta, kin taɓa tashi a taro kin ce a gode mata.

Mama Fasto ki same ta ita kaɗai, ba da takardar nan a hannu kina cewa ga abin da Helenanci ya ce ba. In kika yi haka kin kunyata mijinta, kin buɗe sabon yaƙi. Ki gaya mata kin je kin ba Mama ma'aji haƙuri, sannan ki roƙe ta ita ta kawo shawara a taro: mutum biyu su riƙa ƙirga kuɗi a gaban jama'a kafin a tashi, a buɗe asusun banki da sunan zumunta wanda sai mutum biyu sun sa hannu za a cire, duk abin da aka fitar a rubuta ko da na gaggawa ne, a karanta rahoto duk wata uku. Ki nuna mata wannan kariya ce ga duk wadda za ta riƙe kuɗi, kamar yadda Bulus ya kare kansa. In shawarar ta fito daga bakinta za ta wuce cikin sauƙi, ke kuma ba yabo kike nema ba.

Maigidanki ba ya so gidansa ya zama abin nuni a coci, kuma yana da gaskiyarsa. Ki gaya masa shirinki, ki nemi ya ba ki wata guda. Ajiye littafi yanzu zai bar Mama da tabon zargi, ya bar ki da sunan mai tada fitina ta gudu. In kin bi duk matakan nan aka ƙi buɗe lissafi, sai ki rubuta wa dattawan ikilisiya takarda gajeriya, lambobi kawai ba zagi, kada kuma ki sa hannu a rahoton da ba ki yarda da shi ba. A lokacin ne za ki iya miƙa littafin a rubuce ki koma kujerar baya, ki ci gaba da zuwa zumunta kina biyan naira 500 ɗinki. Jibin Ubangiji kuwa, ba la'anar Kora ce a kanki ba. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, je ku shirya tukuna sannan ka dawo. Ranar da kika fito daga gidan Mama, ki koma teburin.

In kuma aka bi lissafi aka tarar da gaske kuɗin ya shiga tukunyar Mama, Kolosiyawa 3:13 ta yi maganarki. Can Bulus ya yi amfani da momfe, 'yar gidan su memfomai, ya ce in wani yana da abin zargi a kan wani, ku yafe wa juna. Bai ce ƙarar ƙarya ce ba, ya ɗauka tana iya zama gaskiya. Abin da aka yi miki, harara da ƙin amsa gaisuwa da wa'azin da aka yi a kanki, naki ne, ki yafe. Kuɗin kuwa ba naki ba ne balle ki yafe shi. Ki roƙi dattawa su zauna da ita a asirce, su yanka mata abin da za ta iya biya duk wata, kada a yi sanarwa a sujada. Duk abin da ta kawo ki rubuta a littafin da kwanan wata, ta sa hannu, ke ma ki sa.